Allurar Barci Ga Yaran Da Aka Haifa Da Matsalar Fuska Ko Ƙoƙon Kai

Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, ƙaramar haɓa ko karkataccen ƙoƙon kai yana buƙatar kulawa ta musamman idan za a sa shi barci domin tiyata. Sau da yawa hanyar numfashinsa matsattsiya ce, harshe kan koma baya ya toshe ta, zura bututun numfashi kuwa sai ƙwararre.

Muna shawartar iyaye a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su fara da Babban Asibitin Gumel, domin a tura su manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin tiyata akan dakatar da abinci awa 6, nonon uwa awa 4, ruwa awa 2. Kada a ɓoye wa likita mura, tari ko minshari.