Ganyen Obudu a cikin tsohuwar jarida

Yaran da ke zuwa wurina a Garkin Inugu da waya cike da hotuna, wai sun yi tattara, su suka sa ni ɗaukar biro. Hoto ba samfuri ba ne. Ba ya wari, ba a jiƙa shi a buɗe furensa.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya karɓar reshe sai da fure ko ɗa, kuma sai ka rubuta abin da bushewa za ta cinye: launi, ƙaiƙayi, kalar ruwan da ya tsatso. A tsaunin Obudu hazo ba ya barin komai ya bushe, don haka mukan ɗora katakon matsewa a kan gawayi mu kwana muna juyawa, da asuba a canza jarida. Ka yi barci, ganye ya yi baƙi, ka koma dutse. A can na fara riƙe Prunus africana, itacen da ba ya sauka ƙasa, mai jan sandar ganye. Ka murza ganyen, sai ka ji warin rogo mai ɗaci da aka jiƙa. "Rubuta warin, yaro," in ji shi, "takarda ba ta da hanci." Kowane samfuri kashi uku: namu, na Ibadan, na Kew a Ingila.

Turawa na haɗa maganin kumburin mafitsarar tsofaffi da ɓawon Prunus ɗin nan, aka yi ta feɗe shi a Kamaru har aka sa wa cinikinsa takunkumi a 1995. Wannan ya tuna min da wani mai magani a Anacha da ya kawo min jan sassaƙe, ya rantse na itacen nan ne daga Mambila. Maɗaci ne zalla. Ban yi gardama ba, na buɗe masa takardar maigidana ya shinshina, ya gwada.

Da irinsa muke zama a da, a Ama Hausa da Fatakwal, muna cika layin sunan gida a jikin takarda, hanyar da Dalziel ya bi har ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Yau layin nan fanko ake barinsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kabad ɗin da muka cika da samfurori: an daina sayen kafur, ƙwaro ya fara da furanni, waɗanda su ne shaidar.