Tarihin Ciwon Zuciyar Masu Jego a Ƙasar Hausa

Ciwon zuciyar masu jego rauni ne da ke kama tsokar zuciyar mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, har zuciyar ta gaza tura jini yadda ya kamata. Alamominsa su ne haki, tari, kumburin ƙafafu da na ciki, da kasa kwanciya sai an tokare da matashi. Likitocin Amurka biyu, Demakis da Rahimtoola, su suka fayyace siffofinsa a 1971, amma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka fara nazarinsa sosai. Davidson da Parry sun bibiyi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura cewa yawancin matan Hausawa ne, kuma cutar ta fi tashi lokacin zafi da damina. Sai zargi ya faɗa kan al'adar jego, wadda ake yi daga Haɗeja har Sakkwato: wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har a yi arba'in, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa don nono ya kawo. Bayanin yana da ma'ana. Kanwa cike take da gishiri mai tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, aikin zuciya ya ninku. Wannan fassara ta daɗe a littattafan likitanci, har ta kusa zama abin da ba a tuhuma.

Sai dai kusan kowace mai jego tana wankan, ƙalilan ne ke kamuwa. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun gano a 1992 cewa jinin masu cutar yana da ƙarancin sinadarin seleniyam. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ƙiyasta a 2007 cewa ana samunta sau ɗaya cikin haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya haɗa asibitoci da dama na ƙasar, aka wallafa shi a 2020. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin musabbabi ba. Laifin da aka ɗora wa al'ada, ashe talauci yana da kaso mai tsoka a ciki.

A Turai da Amurka kuwa, hankali ya koma kan ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. A 2007 Hilfiker-Kleiner ta birnin Hanoba a Jamus ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya gutsurewa, gutsuren ya lalata waɗannan jijiyoyi. A 2012 aka ƙara gano wani sinadari daga mabiyiya mai hana su tofowa. Karen Sliwa ta gwada maganin bromocriptine, mai hana fitar sinadarin nonon, a wani binciken mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010, aka ga alamar sauƙi. Matsalarsa ita ce yana ƙafar da nono, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne ga jariri a gidan da ba a iya sayen madarar gwangwani.

 Abin da ake dogaro da shi a asibitocin Arewa shi ne magungunan rage ruwa da na sassauta wa zuciya, rage gishiri, hoton zuciya don tabbatar da cutar, da shawarar tazarar haihuwa, domin sabon ciki kan dawo da ita ga wadda zuciyarta ba ta gama murmurewa ba.