Me Digiri na Biyu a Kimiyyar Sarrafa Bayanai ke Koyarwa? Ma'auni daga Arewacin Zamfara

A ƙarshen shekarar 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi. Labarin bai isa ga hukumomin lafiya na tarayya ba sai a watan Fabrairun 2017. Kafin annobar ta lafa da saukar damina, an lissafa sama da mutum dubu 14 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, sama da dubu ɗaya sun rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. An yi ta magana kan ƙarancin allurar rigakafi, kuma gaskiya ne. Amma makonnin da suka salwanta tsakanin majinyacin farko da isar labari Abuja matsala ce ta tafiyar bayani: wa ya rubuta, wa ya karanta, wa ya aika, kuma wa ya gane cewa adadin ya wuce na kullum.

Wannan maƙala tana kafa hujjar cewa ƙwarewar da ta fi daraja a karatun gaba da digiri na kimiyyar sarrafa bayanai ita ce iya ɗauko bayani daga inda aka samo shi zuwa inda ake yanke shawara, ba tare da ya gurɓata ko ya makara ba. Rubuta manhaja yanki ne kawai na wannan aiki. Yankin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi kuwa ma'auni ne mai tsauri, domin wuta, sabis da tsaron hanya, waɗanda littattafan darasi ke ɗauka sun wadata, a nan ba su da tabbas.

Hanyar karatun da ɗan wannan yanki zai bi sananniya ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana bayar da ƙaramar difloma da babba. Jami'ar Tarayya ta Gusau ta zo a 2013. Mai neman digiri na biyu ya fi nufar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Bayero a Kano, kuma mai babbar difloma yakan fara da diflomar share fage. Malaman manyan makarantu na samun tallafin TETFund, hukumar NITDA ma ta taɓa ɗaukar nauyin wasu.

Abu na farko da ɗalibi ke koya shi ne karanta tsarin aiki kafin ya taɓa kwamfuta. A ƙaramin asibitin ƙauye, ma'aikaciya ɗaya kan riƙe rijistoci da dama: na awon ciki, na rigakafi, na masu zazzaɓi. Ƙarshen wata sai ta zauna ta ƙirga layi-layi, ta cika takardar taƙaitawa, a ɗauka a babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda wani jami'i zai shigar da lambobin cikin manhajar DHIS2. A kowace gaɓa akwai inda kuskure ke shiga: rijista ta ƙare an koma littafin rubutu na ɗalibai, hanya ta ƙi biyuwa, ko an cike gurbi da ƙiyasi don kada a ce asibitin bai kawo rahoto ba. Wanda ya koyi dabarun bincike ya san sai ya zauna ya kalli aikin, ya yi hira da masu yin sa, ya zana hanyar takardar, sannan ya ce ga inda na'ura za ta taimaka, ga kuma inda za ta ƙara wahala.

Ita kanta DHIS2 shaida ce. Ta samo tushe daga haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe da masu bincike a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, aka fara amfani da sabon zubinta a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Sashen kimiyyar sarrafa bayanai na Oslo ya raya ta ne ta hanyar ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe irin su Mozambik, Tanzaniya da Habasha, waɗanda asibitocin ƙasashensu ne fagen bincikensu. Yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 na aiki da ita, har da Nijeriya.

Ƙwarewa ta biyu ita ce yi wa alƙaluma tambaya. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara kimanin dubu 97 a Shinkafi da Zurmi, suka samu fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Awon kansa mai sauƙi ne: tef mai launin kore, rawaya da ja ake naɗawa a damtsen yaro, idan ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja. Wahalar tana wajen fassara. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya an yi ta ne a 2006, kuma tun daga lokacin hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka sun cika garuruwa da 'yan gudun hijira. Idan rahoto ya ce an yi wa kashi 120 cikin ɗari na yaran wata mazaɓa rigakafi, wanda ya ƙware zai fara da tambayar yawan yaran da aka raba lissafin a kai. Yaƙi da shan inna ya koyar da wannan darasi: sai da aka zana taswirorin ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka bai wa masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa ta Kano ta taka rawa a cikinsa, sannan aka ga rugage da ƙauyukan da ba su cikin kowane jadawali.

Ta uku ita ce ƙira don ranar da babu sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matakan tsaro, kuma a wasu ƙananan hukumomi an shafe watanni a haka. Masu POS sun naɗe hannu, 'yan kasuwa suka riƙa tafiya Funtuwa ko Sakkwato don buga waya. Duk manhajar da ke jiran intanet kafin ta adana rubutu ta mutu a ranar. Ɗalibin digiri na biyu yana nazarin yadda waya za ta riƙe bayani a cikinta, ta aika idan ta samu sabis, da yadda za a sasanta idan ma'aikata biyu sun gyara bayanin mutum ɗaya a wurare daban-daban.

Sai riƙon amana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane. A yankin da ake garkuwa da mutane don kuɗin fansa, jerin sunayen manoma da lambobin wayarsu da yawan buhunan da suka noma abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun ɓata-gari. Sanin abin da bai kamata a tattara ba tun farko, da ɓoye sunaye, da iyakance masu iya buɗe rumbun bayanai, duk darasi ne da kwamitin ɗa'ar bincike ke tilasta wa ɗalibi kafin ya fita fage.

Akwai masu ganin gajerun kwasa-kwasai, irin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, sun wadatar. Suna da hujja: sun fi araha, sun fi sauri, kuma yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya nuna yadda karatun shekara biyu ke iya jan ƙafa. Sai dai kwas ɗin wata uku yana koyar da amfani da kayan aiki ne, shi kuwa kundin bincike yana tilasta wa mutum ya tsara tambaya, ya kare hanyar da ya bi a gaban masana, ya amince da sakamakon da ya saɓa wa zatonsa. Aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta lokacin yana karatun digiri na uku a Fotugal, ya tattara saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Turancin buroka, aka tantance su da hannu don koya wa na'ura gane yabo da suka. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da horon bincike.

Raunin da ya fi damuwa yana wajen zaɓen batu. Kundaye da yawa na gwada dabarun lissafi ne a kan bayanan da aka sauko da su daga intanet, waɗanda aka tara a Amurka ko Turai, alhali rijistocin asibitocin Shinkafi da farashin hatsi da dabbobi a kasuwarta ba su samu mai nazari ba. Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Sassan jami'o'in Gusau, Sakkwato da Zariya su karɓi binciken fage a matsayin cikakken aikin digiri. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta buɗe bayananta, bayan cire sunaye, ga ɗaliban da suka samu izini. Malaman kwalejin Kaura Namoda da suka dawo daga ƙaro karatu kuma su ɗauki ɗaliban babbar difloma 'yan Zurmi, Shinkafi da Badarawa a matsayin mataimakan bincike, tunda su ne ke iya shiga inda baƙo ba zai iya ba, su ne kuma suka san wace hanya ke biyuwa a wace rana.