Takardar 1679: Wakafin dattijon cocin Baptist na Bristol da abin da ya biyo baya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Ingila za mu je, wani birni da ake kira Bristol a kudu maso yammacin ƙasar, mu koma baya sama da shekara 340. Maganar takardun gida da fili za mu yi. Na san wani zai ce, yau kuma takardun fili? Ku ɗan yi haƙuri da ni.

Bari in fara da dalilin da ya sa abin ya taɓa ni. Shekarun baya wani dattijo ya ba ƙungiyarmu ta matasa ɗan fili, ya ce mu gina wurin karatu. A gaban mutane ya faɗa, muka yi godiya, muka yi hoto, kowa ya watse. Babu wanda ya ce a rubuta. Da Allah ya yi masa rasuwa magada suka raba gado, filin ya shiga ciki, kuma ba mu da bakin magana, don ba mu da ko layi ɗaya a takarda. Tun daga lokacin duk inda na ji labarin kyautar da ta daɗe tana aiki, abin da nake fara tambaya shi ne: wa ya rubuta, kuma wa ya adana?

To, a Bristol akwai wata unguwa mai suna Broadmead. A nan ne wata tsohuwar cocin Baptist take, wadda asalinta ke komawa 1640, lokacin da wata mata mai suna Dorothy Hazzard da wasu mutum huɗu suka ware daga cocin gwamnati suka fara ibadarsu daban. Cocin gwamnati a nan ita ce Cocin Ingila, wadda sarki ke shugabanta. A wancan zamani fita daga cikinta ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan an dawo da sarauta a 1660, Sarki Charles na Biyu ya hau, majalisa ta yi ta jero dokoki a kan waɗannan masu warewa. Dokar 1662 ta sa malaman coci kusan dubu biyu suka rasa muƙamansu saboda sun ƙi bin tsarin ibadar gwamnati. Ta 1664 ta hana taron ibada na fiye da mutum biyar, ban da mutanen gida, in ba a tsarin Cocin Ingila ba. Ta 1665 ta hana korarrun malaman nan kusantar garuruwan da suka yi aiki da tazarar mil biyar. Sai ta 1670 ta zo da tara: mai wa'azi fam 20 a karon farko, fam 40 in ya sake, mai gidan da aka taru fam 20, wanda ya zo sauraro sule 5. Abin da ya fi muni, kashi ɗaya cikin uku na tarar na wanda ya kai tsegumi ne. Kun ga an mayar da gulma sana'a ke nan.

Mutanen Broadmead sun sha wuya. An yi ta kama fastocinsu. Ɗaya daga ciki, George Fownes, a kurkukun Gloucester ya mutu a 1685. Akwai lokacin da suka riƙa rataya labule a ɗakin taro, mai wa'azi yana bayansa, mata kuma su cika matakala don kada 'yan tsegumi su hau da sauri. Da an ji hukuma ta iso, sai kowa ya kama rera Zabura, a janye labule, a rasa wanda za a ce shi ke wa'azi. Daga ƙarshen 1681 ma aka farfasa ɗakin taron nasu, suka koma haɗuwa a dazuzzuka da gonakin bayan gari, cikin sanyi da ruwan sama.

Ta yaya muka san duk wannan? Saboda akwai wanda yake rubutawa. Sunansa Edward Terrill, an haife shi wajajen 1634. Sana'arsa ta farko koyar da rubutu ce, mutumin alƙalami ne. Yana cikin dattawan cocin, wato waɗanda ke riƙe da ragamar jama'a tare da fasto, kuma shi ma ya ɗanɗana gidan yari. Shi ya riƙa rubuta tarihin cocin, wa aka kama, wa aka ci tara, ina aka taru. An buga wannan kundi a 1847, aka sake buga shi a 1974, kuma har yau masana tarihin Ingila suna komawa gare shi.

Amma takardar da ta kawo mu yau wata ce daban. A 1679, ana tsakiyar wannan matsi, Terrill ya sa hannu a takardar kyauta. Ya ware wani kaso na dukiyarsa, ya ce bayan ransa a riƙa amfani da abin da take samarwa wajen ɗaukar nauyin malamin cocin Broadmead. Da sharaɗi fa: malamin ya zama mai tsoron Allah, ya iya Girkanci da Ibrananci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su tun asali, kuma ya ware wani ɓangare na kowane mako yana koyar da samari waɗanda za su zama malaman gobe. In za mu faɗa da harshenmu, wakafi ya yi: a tsare asalin dukiya, a ci amfaninta a kan abin da mai ita ya ambata.

Me ya sa ya damu da wannan? Abu biyu. Na farko, malamin Cocin Ingila yana da kason amfanin gona da doka ta tilasta wa kowa ya biya, har da waɗanda suka ware. Shi kuwa faston Baptist sai abin da jama'arsa suka tara masa, jama'ar da tara ta riga ta tatse. Da yawansu da noma ko koyarwa ko sana'ar hannu suke ciyar da iyali. Na biyu, jami'o'in Oxford da Cambridge sun toshe hanyar digiri ga wanda bai yarda da aƙidar cocin gwamnati ba, kuma ba a gama cire wannan shinge ba sai 1871. Terrill ya hango cewa in tsofaffin malamai masu ilimi suka ƙare, babu masu maye gurbinsu.

Yanzu ga inda takardu suka shigo. Irin wannan coci ba ta da matsayin da doka za ta ce ita ce mai gida ko fili. Saboda haka sai a rubuta dukiyar da sunan wasu amintattu, mutane sanannu, a bayyana a cikin takardar abin da aka ɗora musu. In mutuwa ta rage yawansu, waɗanda suka saura su naɗa sababbi, a sake rubuta wata takardar da ke miƙa dukiyar daga tsofaffin hannaye zuwa sababbi. In aka ba wani hayar gida, takarda. In aka sayar da wani aka sayi wani, takarda. Kuɗin haya ya shigo, a shigar a littafi. An biya malami, a shigar. Manyan takardun a kan fatar tunkiya ake rubuta su, a yanke bakin sama a karkace, a buga hatimin kakin zuma a ƙasa. Kowace tana ambaton wadda ta gabace ta, kamar salsalar dangi. In ɗaya ta ɓace, an samu ƙofar da mai son cin amana zai bi.

Shi ya sa in ka buɗe jerin kayan irin wannan asusu a ma'adanar tarihi, abin da za ka gani ba shi da armashi: hayar gida kaza, naɗin amintattu, rasit, lissafin gyaran rufi. Amma waɗannan su ne ƙashin bayan abin.

Terrill ya rasu wajajen 1685, bai ga sauƙi ba. Dokar sassauci ta zo a 1689, ta ba masu warewa damar yin ibada a wuraren da aka yi wa rajista. Duk da haka burinsa bai kankama sosai ba sai 1720, lokacin da Bernard Foskett ya zo Broadmead ya fara koyar da ɗalibai a kan wannan asusu. Ku lissafa: shekara 41 tsakanin sa hannu da fara cin amfani yadda ya kamata. A cikin shekarun nan sarakuna sun sauya, waɗanda suka san Terrill ido da ido sun yi ta mutuwa. Da a baki ya yi alkawarin, da wa zai tuna sharuɗɗan?

Wasu ma sun bi sahu. A 1717 aka kafa asusun tallafa wa fastocin Baptist a Landan, aka kafa wani a Bristol a shekarar. A 1770 Hugh Evans da ɗansa Caleb Evans suka kafa ƙungiyar ilimi da ta faɗaɗa makarantar. Ita ce yau Kwalejin Baptist ta Bristol, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin kwalejojin Baptist a duniya, kuma daga 1679 take ƙirga shekarunta.

Da a nan zan tsaya, da labari ya yi daɗi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamin rubutu, ina ya samu dukiyar da za ta riƙe makaranta? Terrill bai tsaya a koyarwa ba. Ya shiga harkar sukari, kasuwancin da ke haɗa Bristol da tsibirin Barbados a yankin Karebiyan. Wani dattijon cocin ma, Thomas Ellis, shi ya kafa gidan tace sukari a Whitson Court cikin Bristol a 1665. Su waye ke noman raken a Barbados? Bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Ƙidayar da aka yi a tsibirin a 1680, shekara ɗaya bayan takardar Terrill, ta nuna bayi sun kusa ninka Turawa sau biyu. Tun 1661 tsibirin yake da dokar bayi mai tsananin gaske.

Ku tsaya ku kalli abin. Mutumin da ake kora daga ɗakin ibadarsa, wanda ya san zafin kurkuku, ya rubuta zaluncin da ake yi wa jama'arsa dalla-dalla, shi ne kuma yake samun riba daga gumin mutanen da aka raba da komai nasu. Sunayen waɗanda aka ci tara a Broadmead suna nan a rubuce. Masu saran rake a Barbados kuwa, yawancinsu a matsayin adadi suka shiga takarda, a jerin kayan gona.

Da yawanku kun tuna ranar 7 ga Yuni 2020, da masu zanga-zanga a Bristol suka tumɓuke gunkin Edward Colston suka jefa shi a ruwa. Colston sa'an Terrill ne, an haife shi a 1636, shi ma ya bar wa birnin kyaututtuka masu yawa. Adalci ne a bambanta su: Colston babba ne a kamfanin da ke safarar bayin kansa, Terrill kuwa ta hanyar sukari ya ci. Amma tambayar da aka yi wa ɗaya ta isa ƙofar ɗayan. Kuma da me masu bincike ke amsa ta? Da irin takardun nan dai: wasiyya, takardar mallaka, yarjejeniyar kasuwanci. An adana su ne don kare dukiya, sai ga shi sun zama shaida a kan tushenta.

Akwai wani juyi kuma. Daga wannan coci ta Broadmead wani matashi mai suna William Knibb ya tashi zuwa Jamaika, ya isa a 1825. Abin da ya gani a gonakin rake ya sa ya tsani bauta. A ƙarshen 1831 bayi suka yi bore ƙarƙashin Samuel Sharpe, wanda shi kansa bawa ne kuma dikon a cocin Baptist. An rataye Sharpe a 1832, Turawan gona suka rushe coci-cocin Baptist. Knibb ya koma Birtaniya yana bin gari-gari yana faɗa wa mutane abin da idonsa ya gani. A 1833 majalisa ta zartar da dokar soke bauta, cikakken 'yanci ya zo a 1838. Diyyar fam miliyan 20 kuwa masu bayin aka biya, bayin ba su samu ko kwabo ba.

Ba na kawo Knibb don in wanke Terrill ba. Aikin jika ba ya goge bashin kaka. Na kawo shi ne don ku ga cewa gida ɗaya ya ƙunshi duka biyun, kuma ba za mu san ko ɗaya ba da ba a rubuta an ajiye ba.

Yau in ka je Broadmead kasuwa ce. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun lalata tsakiyar Bristol, aka sake gina unguwar da shaguna. Cocin ma an sake gina ta a ƙarshen shekarun 1960, shaguna a ƙasa, wurin ibada a sama. Ginin da Terrill ya sani babu shi, amma abin da ya sa wa hannu yana aiki.

Ni dai abin da na ɗauka biyu ne, kuma da mu masu ƙungiyoyi nake. In an ba ku wani abu don jama'a, ku rubuta a ranar: me aka bayar, don me, su wa ke riƙe da shi, wa zai gaje su in sun mutu, a sa shaidu, a ajiye kwafi a fiye da wuri ɗaya. Na biyu ya fi wuya: ku rubuta daga ina ya fito. Mu da muke saurin karɓar gudummawa mu yi hoto da mai bayarwa, wata rana wani zai buɗe littafinmu ya tambayi abin da muka ƙi tambaya.

Mu filinmu ya tafi, yanzu shago ne a wurin. Amma ƙungiyarmu ta sayi babban littafi, kuma ni ke riƙe da shi.

Ku faɗa min, a ƙungiyarku wa ke riƙe da takardu? Kuma in aka gano tushen wata kyauta ba shi da tsabta bayan shekaru masu yawa, me ya kamata masu cin amfaninta su yi? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.