Dokar Kwangilar Gine-gine da Warware Taƙaddama

Dokar kwangilar gine-gine reshe ne na ilimin shari'a da ke duba yarjejeniyar da ke tsakanin mai aiki, ɗan kwangila da injiniyan da ke sa ido, da kuma hanyoyin raba gardama idan ta taso. Galibi a matakin digiri na biyu ake karanta ta, kuma ba lauyoyi kaɗai ke cika ajin ba: akwai injiniyoyi, masu zanen gini da masu ƙiyasin kuɗin aiki. Kwalejin King's da ke Landan ta kafa cibiyar wannan fanni a 1987.

Yawancin rigingimun ba su wuce jinkiri, rashin biyan kuɗi, ƙarin aikin da ba ya cikin takarda, da ginin da ya fito da aibi ba. Jinkiri ne ya fi ɗaure kai, domin sau da yawa kowane ɓangare yana da nasa laifin a lokaci guda. Ɗalibai kan nazarci kwangilolin FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913, wadda ta fitar da samfurin kwangilarta mai suna Jan Littafi a 1957.

A Birtaniya, wata doka ta 1996 ta ba kowane ɓangare damar kai kukansa gaban mai raba gardama, shi kuma ya yanke hukunci cikin kwana 28. Dole a bi hukuncin nan take, wanda bai gamsu ba ya nufi kotu daga baya. Najeriya ta yi sabuwar dokar sasanci a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988.