Daga Gadon Asibiti Zuwa Bakin Tafki: Waiwaye A Kan Shirin Ibarapa

1.0 Gabatarwa

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1948, daga Jami'ar Landan aka aro manhajar koyar da aikin likita, kuma ita ce ke ba da digiri. Ko bayan da Asibitin Koyarwa ya fara aiki a 1957, ɗalibi ba ya ganin cuta sai a jikin majinyacin da ya iya kawo kansa asibiti. Wanda rai ya yi wa halinsa a ƙauye kafin a samo mota, ba ya cikin darasi. Wannan maƙala ta waiwayi yunƙurin da aka yi na cike wannan giɓi.

2.0 Kafuwar Shirin

A shekarar 1963 Jami'ar Ibadan ta kafa shirin kiwon lafiyar al'umma a ƙasar Ibarapa, yamma da Ibadan, aka ajiye cibiyarsa a garin Igbo-Ora. Gwamnatin Jihar Yamma da Gidauniyar Rockefeller ta Amurka da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool a Ingila duk sun sa hannu. T. O. Ogunlesi, wanda daga baya ya zama farfesa, shi ya fara jan ragamarsa.

Akan tura ɗalibai su yi makonni a can. Ban da duba marasa lafiya, sukan bi gida-gida suna ƙidayar jama'a, su auna yara, su bincika inda ake ɗebo ruwan sha, sannan su rubuta rahoto. Da haka tambayar da ke gaban ɗalibi ta sauya. Maimakon me ke damun wannan mutum, sai ta koma mutum nawa abin ya kama a garin, kuma daga ina ya ɓullo.

Kurkunu, wadda ta addabi yankin, ita ce babban malami a nan. Likita zai iya naɗe tsutsar a jikin tsinke, ya wanke gyambon, amma baɗi majinyacin zai dawo, domin ƙwayar cutar tana cikin 'yan ƙwarin da ke tafkin da kowa ke sha, kuma takan yi kusan shekara a jiki kafin ta fito. Ɗalibin da ya tsaya bakin tafkin ya ga mai gyambo ya tsoma ƙafa yana ɗiban ruwa, ya fahimci abin da lacca goma ba za ta koya masa ba.

3.0 Yaɗuwar Tunanin

Sauran jami'o'i sun bi sahu. Jami'ar Ahmadu Bello ta yi amfani da Malumfashi wajen koyarwa da bincike, Jami'ar Ilorin kuwa ta gina manhajarta a kan tura ɗalibai cikin al'umma tun daga shekarun farko. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙara wa tunanin ƙarfi. Da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama Ministan Lafiya a 1985, sai aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwada kiwon lafiya a matakin farko, aka kuma fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988.

Sai dai girma da kuɗi ba su bar babban asibiti ba. Ɗalibai da dama sun ɗauki zaman ƙauye a matsayin wani shinge da za a tsallake kafin jarrabawa, ƙalilan ne suka koma karkara bayan samun digiri. Nauyin ya faɗa a kan jami'an lafiyar al'umma da makarantun fasahar kiwon lafiya na jihohi suka yaye.

Binciken da aka fara a 1988 ya gano fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ma'aikatan ƙauye da 'yan sa-kai ne suka raba ƙyallen tace ruwa, suka riƙa kai rahoton kowane gyambo, har aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013.