Romana Bañuelos: Daga sana'ar tortilla zuwa sa hannu a kan dala

Romana Acosta Bañuelos ita ce mace ta farko 'yar asalin Latin Amurka da ta riƙe muƙamin Ma'ajin Amurka. Sai dai tun kafin sa hannunta ya bayyana a kan takardun dala, ta riga ta yi suna a sana'ar abincin gargajiya na ƙasar Meziko.

An haife ta ne a shekarar 1925 a wani ƙaramin gari na masu haƙar ma'adinai mai suna Miami, a jihar Arizona.

A 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, hukumomi sun matsa wa dubban 'yan asalin Meziko lamba su fice daga ƙasar. Iyayenta na cikin waɗanda suka koma jihar Sonora ta Meziko, ita ma ta bi su, duk da cewa 'yar ƙasar Amurka ce.

A can ne ta koyi kasuwanci wajen mahaifiyarta, wadda ke yin abincin sayarwa.

Jarin farko

Ta komo Amurka tana matashiya, da 'ya'ya biyu, ba ta kuma jin Turanci. A birnin Los Angeles, takan yi wanke-wanke da rana, da dare kuma ta yi aikin gasa tortilla.

Tortilla dai wata aba ce mai kama da gurasa, amma ba ta kai ta kauri ba, ana kuma yin ta da masara ko alkama. Mutanen Meziko na cin ta masarar tun kafin zuwan Turawan Sifaniya.

A 1949, da 'yan ɗaruruwan dalolin da ta tara, ta buɗe ƙaramar masana'antar tortilla. Wannan ce ta zama kamfanin Ramona's Mexican Food Products, wanda daga baya ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata.

Banki da siyasa

A wancan zamani, samun rance daga manyan bankuna na yi wa 'yan kasuwa 'yan asalin Meziko wuya. Don haka ta shiga sahun waɗanda suka kafa bankin Pan American National Bank, wanda aka buɗe a gabashin Los Angeles a 1964, daga bisani kuma ta shugabanci hukumar daraktocinsa.

A 1971 shugaba Richard Nixon ya zaɓe ta ta zama Ma'aji. Ana cikin jiran amincewar majalisar dattawa, sai jami'an shige da fice suka kai samame masana'antarta, inda suka kama ma'aikatan da ba su da takardun izinin zama.

Lamarin ya tayar da ƙura, amma majalisar ta amince da naɗin. Ta riƙe muƙamin har zuwa 1974, sannan ta koma kan harkokinta na kasuwanci. Ta rasu a watan Janairun 2018 tana da shekaru 92.

Ba ita kaɗai ba

Wasu matan ma sun mai da girkin gida jari. A 1973 Ninfa Laurenzo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da masana'antar tortilla, ta buɗe gidan abinci a birnin Houston, wanda ya taimaka wajen yaɗa gasasshen naman nan da ake kira fajita.

Ita kuwa Veronica Garza, rashin lafiya ce ta hana ta cin hatsi, sai ta fara yin tortilla da garin 'ya'yan itacen almond. Kamfanin Siete, wanda ita da iyalinta suka kafa a jihar Texas a 2014, shi ne kamfanin PepsiCo ya sanar a 2024 cewa zai saya a kan dala biliyan 1.2.